Yarinyar Bobo da Karyayyen Ingilishina

Shekarun baya, lokacin da Ingilishina bai wuce na gaisuwa da tambayar hanya ba, na taɓa tsayawa a gaban malamai goma sha ɗaya na yi gardama da shi. Masu bina a nan sun sha tambayata yadda aka yi na koyi harshen bayan na girma, ni kuma kullum sai in ce a hankali ne. Gaskiyar magana, akwai ranar da abin ya soma.

Ni haifaffiyar Maraɗi ce. A can na yi karatu, a can na koyar shekara bakwai a firamare, da Faransanci. Aure ne ya kawo ni Tamale. Maigidana ɗan kasuwar albasa ne, ya daɗe yana sauke kaya a garin nan, har ya ga gara mu tare gaba ɗaya. Muka kama gida a Kaladan. Shekarata ta farko ban tsinana komai ba sai girki da leƙen mata suna wucewa a kan babur, goyo a baya, kwando a gaba. A Maraɗi ni Malama ce, idan na bi ta layi iyayen yara har tasowa suke su gaishe ni. A nan na koma matar mai albasa, wadda ba ta jin Dagbanci, ba ta jin Ingilishi. Hausa ce ta rufa mini asiri a kasuwa, ita ma sai da kunnena ya saba, don a nan mace ma "kai" ake ce mata.

Wata rana maigidana ya dawo da labari. Wai akwai wata makaranta a Kalpohin, irin wadda 'ya'yan baƙi da na manyan ma'aikata ke zuwa, ana koyarwa da Ingilishi da Faransanci, kuma suna neman malama.

"Malama, ki je ki gwada," in ji shi. "Na gaji da jin ki kina gyara wa masu labarai a rediyo nahawu. Ba sa jin ki."

Na je. Shugaban makarantar dogon mutum ne daga kudu, ba ya jin Hausa, Faransancinsa kuma bai fi Ingilishina lafiya ba. Wani dattijo ɗan Togo, wanda ke riƙe da sashen Faransanci, shi ya yi mana tafinta. Suka sa na koyar da darasi ɗaya suna kallo, suka ɗauke ni. Amma da sharaɗi: gwaji ne na shekara guda. Idan ta ƙare ban iya Ingilishin da zan yi magana da iyaye in rubuta rahoton yara ba, sai mu yi sallama.

Tsarin makarantar shi ne kowane aji malamai biyu. Aka ba ni aji huɗu. Da safe abokiyar aikina ce ke da su, ta yi musu lissafi da kimiyya da karatu da Ingilishi. Bayan hutun rana sai in karɓe su da Faransanci. Ita 'yar asalin garin ce, ta girme ni da kusan shekara goma, mace mai babbar murya da saurin dariya. Tun ranar farko ta laƙaba mini Amariya, duk da na gaya mata aurena ya shekara shida. Hausar kasuwa ce ta haɗa mu. Ita ta koya mini in ce "dasiba" da safe, in amsa da "naa". Kullum tana jira na a mararraba ta goya ni a babur ɗinta. Da aka zo rubuta rahoton zango na farko, ni nake faɗa da Hausa, ita take rubutawa da Ingilishi, yaro bayan yaro, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Ina faɗin wannan ne don ku san irin mutumin da na tashi yin gardama da ita.

A zango na biyu aka kawo mana wata yarinya 'yar shekara tara daga Bobo, can Burkina. Mahaifinta yana aiki da wani kamfanin sayen kaɗanya, aka yi masa canjin wuri zuwa nan. Siririya ce, kullum kitsonta tsaf, takalmanta a goge. Aka zaunar da ita a kujerar baya, ta zauna, shi ke nan. Ba ta magana, ba ta wasa, idan an fita hutu tana jingine da bango.

Abin kunya, ni ma ban lura da ita sosai ba. Faransancin da nake yi wa ajin na masu koyo ne, kyanwa tana kan tebur, kare yana ƙarƙashin kujera. Ina ganin tana rubuta komai daidai, sai na ɗauka ai dole, 'yar Burkina ce, na mai da hankalina kan masu wahala.

Sai wata rana na dawo aji lokacin hutu don in ɗauki ruwana, na tarar da ita tsugune a bayan ƙofa da wani littafin labari na Faransanci mai kauri, na 'yan aji shida. Da ta gan ni ta zabura ta ɓoye shi a baya kamar ta yi sata. Na tambaye ta da Faransanci ko hotuna take kallo. Ta girgiza kai. Na ce to me ya faru a ciki? Ta dube ni, sai ta soma. Jama'a, minti goma yarinyar nan tana ba ni labari, tana canza murya, tana gaya mini inda take ganin marubucin ya yi wa jarumar rashin adalci. Na ɗauki alli na rubuta mata lissafin rabawa guda biyar masu wuya. Kafin in gama shan ruwana ta gama.

Da aka tashi na tari abokiyar aikina da murna. Ban ƙarasa ba ta ɗaga mini hannu.

"Amariya, bari. Yarinya-nga bai san komi ba. Sati shida ke nan, in na ba shi takarda, fari yake dawo mini da shi. Ko suna bai rubutawa. Na riga na kai ma shugaba rahoto. Aji biyu za a mai da shi."

"Aji biyu? Cikin 'yan shekara shida da bakwai?"

"Can ne zai koyi Ingilishi daga tushe. Taimako nai nake yi."

Na roƙe ta ta nuna mini takardun yarinyar. Ta buɗe kabad ta miƙo mini. Na baya-bayan nan duk farare ne, kamar yadda ta faɗa. Amma na makon farko akwai rubutu. Gwajin lissafi ne, tambaya goma, an ba ta biyu, sauran duk jan biro. Na tsaya ina dubawa. Tara daga ciki daidai ne.

Ga abin da ya faru. Mu da muka yi karatun Faransanci, ɗayanmu tana da dogon baki da ke saukowa ta gaba, ga wanda bai saba ba sai ya ga bakwai ce. Bakwai ɗinmu kuwa sai mun ɗaura mata ɗamara a tsakiya. Inda masu karatun Ingilishi ke sa ɗigo a tsakanin lambobi, mu waƙafi muke sawa. Lissafin rabawa ma ba iri ɗaya muke shimfiɗa shi ba: su amsa a sama suke ɗora ta, mu a gefen dama muke ajiye ta, a ƙasa. Abokiyar aikina ta duba inda ta saba ganin amsa ba ta gani ba, ta ja jan biro. Yarinyar ta yi daidai aka ce kuskure ne, ba ta da bakin tambayar dalili, sai ta ajiye alƙalami.

Na yi ƙoƙarin nuna wa abokiyar aikina. Ta duba, na ga ta gane, amma fuskarta ta ɗaure.

"Shekara goma sha biyar ina aiki-nga, Amariya. To, lissafi ya iya. Kimiyya fa? Karatu fa? Ina magana yana kallo na kawai. In ya zamna nan, shekara zai ƙare bai samu komi ba. Ran Alhamis akwai mitin, can za a yanke."

Kuma ba zan yi mata ƙarya ba, maganarta ba ta banza ba ce.

Washegari a bakin ƙofar makaranta wata mata ta tsayar da ni. Mahaifiyar yarinyar ce. Ta ji an ce akwai malama mai Faransanci, ta jira ni a rana. Ta ce takarda ta iso musu, wani maƙwabci ya fassara. Ta ce kullum da safe yarinyar sai ta riƙe ciki tana kuka, sun je asibiti sau biyu ba a ga komai ba.

"Madam, a Bobo ita ke zuwa ta ɗaya. Mahaifinta ya ce da a mai da ita cikin ƙananan yara, gara ya mai da ita gida wurin kakarta ta ci gaba da karatunta. Ita kaɗai gare ni. Ban taɓa kwana ba tare da ita ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe hannuna da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba. Na ce mata zan yi magana a taron. Sai da ta tafi na tuna abu biyu: da Ingilishi ake taron, kuma dattijon nan ɗan Togo ya tafi jana'izar mahaifiyarsa, sai bayan mako uku. Sauran malaman Faransanci ba mai shiga maganar ajin da ba nasa ba. A duk makarantar, mutum ɗaya ce za ta iya juya Hausata zuwa Ingilishi, ita ce kuma wadda zan yi jayayya da ita.

Da na gaya wa maigidana, sai ya ajiye cokali.

"Malama, ke ma fa a gwaji kike. Matar nan ita ke ɗaukar ki, ita ke rubuta miki. Idan kika kunyata ta a gaban mutane, wa kike da shi?"

"Ba ni da kowa."

"To?"

"To yarinyar ma ba ta da kowa. Kuma na ga takardar da idona, Alhaji. Idan na yi shiru, da wace fuska zan ƙara ce wa yaro ya faɗi gaskiya?"

Ya ture kwanon gefe. Sannan ya ce in ɗauko ƙamus.

Kwana uku gare ni. Na rubuta abin da zan faɗa da Faransanci, na bi shi kalma kalma da ƙamus, na samu jimla goma sha huɗu. Ingilishin maigidana na kan iyaka ne da tashar mota, ya fi ƙwarewa wajen faɗa da kwastan, amma ya zauna bayan la'asar yana saurare, yana cewa "nan kin yi kamar mai neman rigima" ko "nan ba a ji ki ba". Ina tuƙa tuwo ina haddacewa. Ina wanki ina haddacewa. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ko lafiya, wai ta ji ina ta yi wa bokiti magana.

Ranar Alhamis bayan yara sun watse muka taru a ɗakin malamai. Aka yi maganar jarrabawa, aka yi ta wasannin motsa jiki, ina zaune ina maimaita jimlolina a zuci, ban fahimci rabin abin da ake cewa ba. Sai na ji an ambaci aji huɗu. Abokiyar aikina ta yi bayani, ta ɗaga fararen takardun, kowa ya gyaɗa kai. Shugaba ya ɗauki biro zai sa hannu. Na ɗaga nawa hannun.

Wata shida ina makarantar, ba a taɓa jin muryata a taro ba. Duk suka juyo.

Na miƙe na soma. Jimla ta farko ta fita lafiya. Ta biyu ma haka. Ta uku har na ji daɗin kaina. Ina cikin ta huɗu sai shugaba ya katse ni da tambaya. Ban shirya wa tambaya ba. A duk haddar da na yi, babu wanda ya taɓa yi mini tambaya. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, na ji sauti kawai. Wani daga baya ya yi 'yar dariya ya rufe ta da tari. Na nemi jimla ta biyar a kaina, babu ita, babu sauran taran. Na tsaya riƙe da takardar yarinyar.

Sai na ji murya a gefena, ƙasa-ƙasa, da Hausa. Abokiyar aikina ce, idonta na kan tebur, ba ta ko dube ni ba.

"Ya ce, in ya sani, don me bai rubuta komi ba."

Ban san ko sabo ne ya sa ta ba, ko tausayi. Ban taɓa tambayarta ba.

Akwai ƙaramin allo a ɗakin, inda ake rubuta sanarwa. Na nufe shi na ɗauki alli. Da alli ya shiga hannuna sai na ji ƙafafuna sun tsaya. Na rubuta ɗaya irin tamu, babba. Na juyo na tambaye su, nawa ce wannan? Mutum uku suka ce bakwai. Na ce a'a, ɗaya ce. Na rubuta bakwai mai ɗamara kusa da ita. Na shimfiɗa lissafin rabawa irin nasu a hagu, irin namu a dama, amsa ɗaya. Sannan na miƙa takardar makon farko ga malamin lissafi na aji shida, na ce ya duba. Ya gyara tabarau, ya bi ta da yatsa, ya ɗago ya ce wa shugaba tara daidai ne.

Abin da na faɗa bayan nan, ba ya cikin jimla goma sha huɗun nan. Ingilishi ne wanda ba shi da jiya ba shi da gobe, kalmomi ne kawai nake jerawa kamar mai ɗora bulo ba siminti. Ma'anarsa dai ita ce: ta yi daidai, aka ce ba daidai ba, sai ta daina. Na nuna ƙirjina na ce su dube ni. Shekara bakwai ina koyarwa a ƙasarmu, ina da takarduna, amma a ɗakin nan ni ce wadda ba ta gane komai. An yi mini tambaya yanzu, na tsaya ina kallo. Ni ma aji biyu za a kai ni?

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon.

Shugaba ya ajiye biro. Ya yi magana a hankali, yana kallon fuskata don ya tabbatar ina bi. Ya ce ya ji, amma maganar abokiyar aikina na nan: yarinyar ba ta jin darasin safe. Saura mako bakwai zango ya ƙare. Za a bar ta a aji huɗu zuwa lokacin, sannan shi da kansa zai ba ta shafi guda ta karanta ta amsa tambayoyi. Idan ta kasa, hukuncin farko ya tsaya. Sai ya tambaya, wa zai riƙa yi mata ƙarin darasi?

Na ce ni.

Nan kam aka yi dariya, har da shi, ni ma ban ga laifinsu ba. Na ce tare za mu koya. Ya ce to madalla, tunda haka ne, ranar da zai gwada ta, ni ma a ranar zai gwada ni, ba sai ƙarshen shekara ba. Haka na shiga taro don in ceci mutum ɗaya, na fito da wa'adi a wuyan mutum biyu.

Washegari na tsaya a mararraba har rana ta ɗaga, babur bai zo ba. Na hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, na isa a makare. Na ce mata "dasiba", ta amsa ba ta ɗago ba. Mako guda muna haka. Mu haɗu a ƙofar aji, ita tana fita ina shiga, kamar masu canjin gadi. Abin ya dame ni ƙwarai, amma ban san ta inda zan ɓullo ba, don ban ga abin da zan janye ba.

Ni da yarinyar kuwa muka kama aiki. Kowane hutu muna ƙarƙashin dalbejiyar da ke bayan aji, da littafin karatu na 'yan aji ɗaya a tsakaninmu. Ta karanta layi, in karanta layi. Kalmar da ta gagare mu, mu buɗe ƙamus. Na koya mata ta rubuta ɗaya miƙaƙƙiya da safe, ta bar mai bakin sai da rana. Ba ta so ba, wai tasu ba ta da kyau, kamar sanda. Na ce ta yi haƙuri, sandar ce ake karantawa a nan.

Rana ta takwas, ina zaune ina duba littattafai bayan an tashi, sai abokiyar aikina ta shigo ta jefa wani littafin rubutu a gabana.

"Karanta. In ba ka iya ba, ni in karanta maka."

Na duba sunan da ke bango. Wata yarinya ce a ajinmu, 'yar unguwar Gumani, wadda a darasina ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Kullum kanta a ƙasa, idan na tambaye ta sai ta tauna biro. A ciki labari ne da ta rubuta da Ingilishi, shafi huɗu, a kan ranar da akuyarsu ta haihu a cikin ruwan sama. Abokiyar aikina ta zauna ta juya mini shi da Hausa, tun daga farko har ƙarshe. Ko a bakinta, da Hausar kasuwa, labarin ya yi daɗi har na manta muna faɗa.

Ta rufe littafin ta ce, "Duk aji-nga babu mai rubutu kaman shi. Ka tuna abin da ka ce in rubuta a rahoto nai?"

Na tuna. Malalaciya, ba ta ƙoƙari.

"Da hannu na na rubuta maka. Na san ba haka ba ne, amma na ce kai ne malami na Faransi, kai ka san aiki naka. Uwa nai ya zo nan ya yi kuka, ban gaya maka ba. Kai ka tashi gaban mutane ka nuna nawa. To ga naka, ni a ɗaki na kawo maka."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ni da na tsaya ina bugun ƙirji a kan yarinyar da ba a fahimta ba, ashe ina da tawa a layi na biyu, wata shida tana gabana. Na ce mata ta yafe mini, ba don maganar da na yi a taro ba, sai don ban dawo na same ta na sake roƙonta kafin taron ba. Ta yi tsaki ta ce ita ma da ta saurara. Ta miƙe, ta kai ƙofa, ta juyo.

"Gobe in ka makara, ba na jira."

Daga nan abubuwa suka canza. Muka haɗa yaran biyu a benci ɗaya, 'yar Bobo da 'yar Gumani, da safe wannan ta ja waccan, da rana su juya. Na samu 'yar Gumani ita kaɗai na ba ta haƙuri, ta ruɗe, don ba ta taɓa jin malama ta ba yaro haƙuri ba, sai kawai ta ce "yes Madam" ta ruga. Muka kuma yarda cewa sau ɗaya a mako kowacce za ta zauna a bayan aji lokacin darasin 'yar'uwarta. Ranar farko da na zauna a darasin safe, kamar an canza mini yara. Waɗanda na sani da shiru su ne masu tsalle suna ɗaga hannu. Abokiyar aikina kuma ta soma zuwa ƙarƙashin dalbejiya, da robar gyaɗa, tana gyara mana furuci tana dariyar yadda nake kiran "r" daga maƙogwaro.

Cikin wata guda 'yar Bobo ta wuce ni a karatun Ingilishi. Kan yaro ba irin namu ba ne. Har ta kai idan na karanta layina sai ta rufe baki tana dariya, ta ce, "Madam, ba haka ake cewa ba." Mahaifiyarta ta ce ciwon cikin ya ragu, sai ranar Litinin kawai.

Ranar gwaji aka shiga da ita ofis, ni da abokiyar aikina muna tsaye a baranda muna yi kamar hirar wani abu muke. Ta taga muna jin muryarta, siririya, tana tuntuɓe tana tashi. Akwai inda ta tsaya har na fara salati. Sai ta ci gaba. Ba ta amsa duka tambayoyin ba, amma da ƙofa ta buɗe shugaba ya ce za ta zauna a aji huɗu.

Ni kuwa na ci gwajin baki, na faɗi na rubutu, faɗuwa kuma ba 'yar kaɗan ba. Ya mai do mini da takardata ta yi ja kamar an yanka kaza a kai. Ya ce ya ƙara mini zango ɗaya, don mutumin da ya iya rigima da Ingilishi zai iya koyon rubuta shi. A karo na biyu na haye.

'Yar Bobo ta yi shekara uku tare da mu, sannan aka sake yi wa mahaifinta canjin wuri suka bar ƙasar. Ban san inda take ba yanzu. Abokiyar aikina ta yi ritaya, muna gaisawa, har yau Amariya take ce mini duk da furfurar da ta fito mini.

Idan na ba da labarin nan, mutane sun fi son wurin allo da alli, ni ma ina jin daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya fi zauna mini a rai shi ne littafin da aka jefa a gabana. A makaranta irin tamu, kowane malami rabin yaro yake gani, kuma da sauƙi mutum ya ɗauka rabin da ya gani shi ne yaron duka. Na yi wa wata wannan kuskuren a daidai lokacin da nake faɗa don kada a yi wa wata. Kalma biyun nan da na sa aka rubuta suna nan a rahoton yarinyar mutane, a wani akwati a Gumani, ba ni da yadda zan goge su.

Yanzu ni nake rubuta rahotona da hannuna. Sababbin malamai suna cewa na cika jinkiri, kullum ni ce ta ƙarshe wajen miƙawa. Gaskiyarsu ne. Akwai yaran da ba na iya rubuta komai a kansu sai na je na zauna a bayan aji da safe, na ji yadda muryarsu take idan ba ni ce a gaban allo ba.